Kyamarar da Ke Jiran Murmushin Inna

A duk layin babu wanda ya taɓa kai ƙarshen bayani a gaban mai shagon labule. Kana buɗe baki, kafin ka kai tsakiyar zance, zai ɗaga hannu ya ce, "Na gane, na gane." Da haka sunan ya bi shi, har yara suna zaton Na-Gane aka raɗa masa. Ya gane gyaran famfo, shi ya sa aka daɗe ana tsallake tafki kafin a shiga gidansa. Ya gane aski, shi ya sa babban ɗansa ya yi wata bai cire hula ba. Mutum ne mai kirki, wannan kam ba a raba shi da shi ba, sai dai Allah ya ba shi kunne biyu lafiyayyu bai taɓa morar ko ɗaya ba.

Ƙanwarsa, autar gidansu, aure ya kai ta wata ƙasa mai nisa, ta yi shekaru ba ta zo ba. Wata rana ta bugo waya tana kuka. 'Ya'yanta sun yi wayo, kullum suna tambayarta yadda kakarsu take, ita kuwa ba ta da abin nuna musu. Hoton Inna ko ɗaya babu shi a duniya. A lokacin kuwa wayar hannu ba ta iya komai ba sai kira da tashin mutum daga barci.

Inna ba ta son hoto, kowa ya sani. Tun da Baba ya rasu, haƙoranta na gaba suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya, ta tsuke bakinta ta daina dariya, sai magana a taƙaice mai kaifi. Amma kukan Auta ya taɓa ta. Ta ce, "Saboda ita zan zauna. Sau ɗaya. Ranar Asabar da hantsi, a inuwar katanga. Rana na taɓa ƙafata zan tashi, in kuwa na tashi, na tashi ke nan."

Matar Na-Gane ta ce, "To alhamdu lillahi. Sai a kira mai hoto."

"Mai hoto?" Na-Gane ya dafe ƙirji. "Ina raye? Wani bare ya shigo gidan nan yana ce wa uwata ta karkata kai, ta ɗaga haɓa? Kyamara zan saya, ta zamani, 'yar ƙarama mai shiga aljihu. Ni zan ɗauka."

"Baban yara, ka taɓa riƙe kyamara kuwa?"

"Ke kin taɓa ganin na riƙe abu ya gagare ni?"

"Famfo."

"Famfon nan jabu ne, kowa ya shaida."

Kafin la'asar babu wanda bai ji labari ba, don shi ya bi shago shago yana bayarwa. Ya gaya wa mai aski cewa hoton da zai ɗauka sai an zo daga wasu unguwanni kallonsa. Ya gaya wa Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, cewa ta shirya nata yaran, in ya gama da Inna zai taimaka wa talakawa.

Washegari ya sa babbar rigarsa ya tafi shagon kayan lantarki. Kyamarori na jere a cikin gilashi, baƙaƙe da jajaye da masu ruwan azurfa, kowace ba ta fi sabulun wanka girma ba. Mai shagon, wani dogo mai sanyin murya, ya tambaye shi wane irin hoto zai riƙa ɗauka.

"Mai kyau," in ji Na-Gane.

Mai shago ya ɗauko wata baƙa mai maɓalli ɗaya babba a sama. "Wannan ita ta fi sauƙi, Alhaji. Ka saita, ka danna, shi ke nan. Ko wanda bai taɓa..."

"Ka gan ni da kama da wanda bai taɓa ba? Mayar da ita. Kawo mai maɓallai da yawa."

Aka ɗauko wata ja. Ya auna ta a tafin hannu kamar mai sayen kankana, ya kai ta kunne ya girgiza, ya ce ta cika rashin nauyi, da gani babu komai a cikinta. Aka ɗauko wata mai nauyi, ya ce wannan ai bulo ce. Ya danna wani maɓalli bai sani ba, idon kyamarar ya zuro waje, zuuu, ya nufo hancinsa. Na-Gane ya zabura ya sake ta, Allah ya sa mai shago ya cafe.

"Gwada saurin hannunka nake yi," in ji shi, yana gyara hula.

"Wannan idon shi ke jawo nesa kusa. In ka murɗa nan..."

"Na gane. Ni uwata a kusa take."

Mai shago ya dube shi, ya dubi babbar rigar, ya ga irin cinikin da Allah ya kawo masa. Ya sa hannu can ƙasa ya ɗauko wata mai ruwan azurfa, ya latsa nan ya latsa can, ya ajiye ta a kan gilashi tana fuskantar Na-Gane, ya harɗe hannuwansa.

"Alhaji, ɗan yi murmushi."

"Don me?"

"Yi dai."

Na-Gane ya washe baki. Ƙyas! Walƙiya ta haske masa ido, alhali babu wanda ya taɓa kyamarar. Mai shago ya juyo masa da ɗan allon bayanta, sai ga shi a ciki, hula a karkace, haƙora a waje, kamar wanda aka yi wa albishir.

"Ita da kanta?"

"Ita da kanta. Fuska take nema, in ta ga murmushi sai ta ɗauka. Ba ruwanka da danna komai."

Na-Gane ya ɗaure fuska, kyamara ta yi shiru. Ya washe, ƙyas. Ya ɗaure. Ya washe, ƙyas. Zuciyarsa ta yi fari fat. Ga kyamara mai hankali, wadda ta san mutumin kirki in ta gan shi.

"Ita nake so. Bar ta a haka, kar ka taɓa komai."

"To bari in nuna maka yadda ake kashe wannan ɗin, don wani lokaci..."

"Na gane."

"Sannan cikinta ƙarami ne, sai an sa mata kati. Katin daban ake..."

"Ka ga, ɗan'uwa, ni ma ɗan kasuwa ne. In mutum ya sayi labule nakan ce masa sai da sanda, sai da zobe, sai da igiya. Na san wannan wasan. Riƙe katinka."

A hanyar gida bai kashe ta ba, ya rataye ta a wuya tana kallon duniya. Ta ɗauki wata mata a jikin allon tallar man goge baki. Ta ɗauki kwandasta yana yi wa wata fasinja daɗin baki. A bakin layi kuwa ta haɗu da mai aski, mutumin da Allah ya yi wa wushirya kuma bai taɓa rufe ta ba tun da aka haife shi. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Na-Gane na tafe yana ƙara ɗaga kafaɗa.

Ranar Asabar tun da sassafe ya kwaso kaya daga shago. Ya kafa ƙusa a katanga, ya rataya labule mai ruwan zuma da furanni, mafi tsada a shagon, ya ajiye kujera a gabansa. Ya jawo tebur ya ɗora kyamara, ya tokare ta da gwangwanin madara. Kafin ya gama tsakar gidan ya cika. Mai aski ya bar wani da rabin kai ya taho. Maman 'Yan Biyu ta hau turmi ta leƙo ta saman katanga, daidai saman labulen. Yaran layi kuwa ba a maganarsu.

Inna ta fito a hankali, da zanenta na ƙasan akwati da farin mayafi, tana dogara sandarta. Ta zauna, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta tsuke baki, ta dubi kyamara kamar yadda take duban mai nama in ya rage mata awo. Inuwar katanga ta wuce ƙafarta da kamar taku biyu.

"To, ɗauka," in ji ta.

Na-Gane ya juya ga jama'a. "Ku lura da kyau. Hannuna ba zai taɓa ta ba." Ya ɗaga hannuwansa sama don kowa ya shaida. "Inna, ɗan yi murmushi."

"Ba a yi wannan da ni ba."

"Kaɗan dai, Inna. Ita kyamarar murmushi take jira."

"To ta yi ta jira. Ni zama na ce zan yi, ga shi na zauna."

Mai aski, da ke tsaye gefen kujera, ya tuntsire da dariya. Ƙyas! Na-Gane ya ruga ya duba allo. Ga wushirya nan ta cika hoton, Inna kuwa sai kunnenta ɗaya da bakin mayafi.

"Kai, fita daga gaban na'ura! Kowa ya koma bayan tebur!"

Aka koma ana turereniya. Bai gama juyowa ba, ƙyas. Wannan karon Maman 'Yan Biyu ce a saman katanga, baki har kunne, kamar an dasa kanta a kan labulen.

"Baiwar Allah, sauka mana!"

"A gidana nake, Malam. Katangar ma rabinta tawa ce."

"To ɗaure fuska!"

"Me aka yi mini da zan ɗaure fuska?"

Na-Gane ya share gumi. Ya ce to kowa da kowa ya murtuke, duk wanda ya nuna haƙori a gidan nan sai ya fita. Ai kuwa da bai faɗa ba. Tsakar gida ya yi tsit, manya da yara sun cika kumatu da iska, idanu sun yi ja, kafaɗu na rawa. Maman 'Yan Biyu ta cusa bakin zane a baki. Aka ɗan jima a haka, sai wani can baya ya saki wani irin sauti ta hanci, shi ke nan kowa ya ɓare. Maman 'Yan Biyu ta saki bakin zanen. Ƙyas, ƙyas.

Inna ko gezau. Ta dubi ƙasa ta ce, "Saura taku ɗaya."

Ya durƙusa a gabanta ya fara ba ta labarin ban dariya, na wani mutum da ya sayi takalmi duka ƙafar hagu. Ta bar shi har ya kai ƙarshe, abin da shi bai taɓa yi wa kowa ba.

"Ubanka ya ba ni wannan labarin tun ba a haife ka ba. A lokacin ma ban yi dariya ba."

"Inna, ba wuya fa. Duba, haka ake yi." Ya washe baki, ya waiga don ya ga ko kyamara na nan daidai. Ƙyas.

Matarsa ta matso ta ce a hankali, "Baban yara, ka danna da hannu mana kawai. Auta fuska take so, ba haƙora ba."

"Abin da nake shirin yi ke nan kika katse ni."

Ya danna babban maɓalli. Shiru. Ya ƙara dannawa da ƙarfi har yatsansa ya yi fari. Kyamara ta zana ɗan koren akwati kewaye da fuskar Inna, ta tsaya tana jira, ita ma da nata taurin kan.

"Ba a nuna maka yadda ake kashewa ba?" in ji matarsa.

"An nuna... ai abu ne mai sauƙi."

Ya shiga latse-latse. Allo ya koma baƙi da fari. Ya latsa, Inna ta zama shuɗiya. Ya latsa, idon ya zuro ya jawo hancinta ya cika allo. Ya latsa wani abu sau biyu da sauri, sai duk rubutun kyamarar ya juye ya koma wani yare mai kama da sawun kaji a kan yashi.

Mai aski ya leƙo ta kafaɗarsa. "Malam Na-Gane, me ta ce?"

"Ta ce a ba ta wuri."

"Da wane yare?"

"Da yaren da ba na masu aski ba."

Ya dubi ƙasa. Rana ta kusa lasar bakin takalmin Inna, ita kuwa ta riga ta miƙa hannu tana laluben sandarta. Ya tuna muryar Auta a waya, ya tuna ya ce mata ta kwantar da hankalinta, Yaya na nan. In Inna ta tashi yau, ya san ba za ta sake zama ba har abada, kuma shi ne ya jawo.

Nan take dabara ta faɗo masa. Inna rana ta ce, ba ta ce lokaci ba. In rana ba ta taɓa ƙafarta ba, ai alkawari na nan. Kuma wa ya fi shi sanin yadda ake tare rana?

"A kawo mini ɗaya labulen, mai kaurin! A kawo benci!"

"Wane bencin?" in ji matarsa. "Wanda ka gyara?"

"Shi fa. Yanzu ya fi sabo ƙwari."

Ya ɗaura igiya a ƙusar katanga, ya ja benci zuwa gindin ginshiƙin rumfa, kusa da babban duron da suke tara ruwa. Ya hau, labule a kafaɗa, bakin igiya a haƙora. Ya yi ɗage, ya miƙa hannu, inuwar labulen ta faɗo a kan ƙafar Inna. Ya tofar da igiyar don ya yi jawabi.

"Jama'a, ku shaida, yau na tsayar da ra..."

Ƙafar bencin da ya gyara ta fita ta yi gefe abinta. Na-Gane ya kaɗa hannuwa a iska, ya cafko labule, labule ya biyo shi, su biyu suka tafi da ka cikin duro. Ruwa ya yi tsalle har rumfa. Babu abin da ake gani sai ƙafafu biyu a sama suna tuƙa keken da babu shi, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a kan rufi.

Aka yi kansa ana salati. Mai aski ya kama ƙafa ɗaya, matarsa ta kama ɗaya, aka zaro shi, labule ya naɗe masa kai kamar rawani, ruwa na zuba daga aljihu. Yana fitowa, kafin ya ja numfashi, ya ce, "Zurfinsa nake dubawa."

Sai aka ji wani sauti daga wajen kujera. Da farko kamar tari. Kowa ya waiga. Inna ce ta kifa kai, kafaɗunta na girgiza, sannan ta ɗago ta saki dariya, ta gaske, baki buɗe, dasashi a waje, hawaye na bin kumatunta, tana bubbuga sanda a ƙasa. "Zurfinsa! Wayyo cikina! Haka ubansa ya faɗa kwata ya ce tsabar kuɗi ya hango!"

Na-Gane ya tsaya ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya manta da jama'a, ya manta da kunya. Rabonsa da jin wannan dariyar tun Baba na da rai, kuma sai yanzu ya san irin kewarta da ya yi.

Sai ya tuna. Bai ji ƙyas ba.

Ya ruga wajen tebur. Wata jar alama na ƙiftawa a allo, kyamara na 'yar ƙara kamar ɗan tsako. Ba sai an fassara masa sawun kaji ba, maganar katin nan ta dawo masa daram. Cikin kyamara ya cika. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, jama'a na leƙe. Shi a shago. Shi a shago. Matar man goge baki. Kwandasta. Wushirya, wushirya, wushirya. Maman 'Yan Biyu ta kowace fuska. Kunnen Inna.

"Ashe haƙoran unguwa ka tara," in ji mai aski.

Inna ta goge ido da bakin mayafi, ta mayar da bakinta ta tsuke. Rana na kwance a kan yatsun ƙafarta. Ta dafa sanda.

Na-Gane ya zube a gabanta, rigarsa na tsiyaya. A karon farko a rayuwarsa ya ce, "Inna, ban gane ba. Wallahi ban gane komai a cikinta ba. Ki taimake ni, don Auta."

Matarsa ta riga ta ɗauki kyamarar. Ta ga wani maɓalli mai zanen kwandon shara, ta ce wannan ko da wane yare ne an san aikinsa, ta fara goge hotuna.

"Kar ki goge nawa na bakin layi!" in ji mai aski. "Na fito a wannan!"

Ta goge shi farko. Ta mayar da kyamara kan tebur, ta tokare ta da gwangwani.

Inna ta dubi ɗanta daga sama har ƙasa. "Na ce in rana ta taɓa ni zan tashi."

"Haka ne, Inna."

"Kuma ni dariyar ƙarya ban iya ba. In kana so in sake, sai ka sake." Ta nuna duro da sanda.

Na-Gane ya dubi duro, ya dubi jama'ar da ya bi shago shago ya gayyato da bakinsa, ya dubi uwarsa. Ya tashi. Ya cire takalmin da ya rage ya miƙa wa matarsa. Ya tayar da bencin mai ƙafa uku, ya jingina shi da duro, ya tattare jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya hau. Ya rufe ido.

Inna na kallonsa, mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya har da na aure, tsaye a kan karyayyen benci zai jefa kansa cikin ruwa don kawai uwarsa ta yi dariya. Bakinta ya saki a hankali. Wannan ba dariya ba ce, murmushi ne mai taushi, irin wanda take yi masa yana ƙarami in ya dawo gida da tsagaggen wando.

Ƙyas!

"Ta ɗauka!" matarsa ta ƙwala ihu. "Baban yara, ta ɗauka, ya yi kyau! Sauko, ba sai ka..."

"Na gane!" in ji shi, ido a rufe.

Ya tafi da ka.